Rauni Mai Awo: Tarihin Gyaran Fatar Fuska a Hannun Likitoci



Bara na raka ɗiyar yayata wurin wata likitar fata a wani asibiti cikin birnin Kano. Ƙurajen balaga sun daɗe suna damunta, kuma duk inda ƙurji ya mutu sai ya bar mata baƙin tabo. Da aka sa ranar aurenta sai gaggawa ta kama ta, ta sayi wani haɗin mai a hannun wata mata da aka yi mata kwatance, wanda aka ce cikin mako guda yake ɗaye fuska ta koma kamar ta jariri. Ɗayewa kam ta ɗaye. Amma bayan mako uku kumatunta sun fi da baƙi, ga raɗaɗi, ga ƙaiƙayi. Likitar ta daɗe tana duba fuskar ƙarƙashin fitila, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Baba, abin da aka yi mata mu ma irinsa muke yi. Mu ma ƙona fatar muke yi. Sai dai mu mun san inda za mu tsaya."

Wannan magana ta zauna mini a rai, har ta sa na koma ga littattafai ina neman yadda aka yi likitoci suka san wannan matsaya. Abin da na taras shi ne, kusan duk wani gyaran fuska da ake yi a asibiti, da sinadari ne, da na'urar kankara ce, ko da hasken leza, asalinsa guda ne: a ji wa fata rauni da gangan, daidai gwargwado, domin ta warke ta fi yadda take a da. Tarihin wannan fanni kuwa tarihin neman gwargwadon ne, kuma an sha wahala kafin a same shi.

Sai mai karatu ya yi mini haƙuri in fara da fatar kanta, domin in ba a san ta ba labarin ba zai fahimtu ba. Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Akwai ta sama, wadda a fuska kaurinta kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ne, ba ta da jijiyar jini, kuma kullum cikin sabuntawa take: ƙwayoyinta su tsiro daga ƙasa, su yi ta hawa har su mutu su kaɗe, cikin kamar mako 4. A gindinta ne ƙwayoyin da ke samar da launi, wato sinadarin melanin, suke zaune. Ƙarƙashinta akwai fatar ciki, mai kauri, mai jijiyoyin jini da zarurrukan kolajin masu riƙe da fuska, kuma a nan ne saiwoyin gashi da jakunkunan maiƙo suke nutse. Idan aka cire fatar sama, daga waɗannan saiwoyi da jakunkuna ne sababbin ƙwayoyi ke fitowa su rufe wurin, tamkar yadda ciyawa ke tohowa bayan ƙunar daji. Fuska ta fi yawancin jiki yawansu, shi ya sa take jure abin da wuya ko bayan hannu ba za su jure ba. Amma idan raunin ya nutsa har ya cinye saiwoyin, babu inda sabuwar fata za ta fito, sai jiki ya cike gurbin da tabo.

Daga Masar zuwa Bukhara

Mafi daɗewar abin da ya iso gare mu a rubuce daga Masar ya fito. A cikin naɗin takardar likitanci da ake kira da sunan Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, yau kuma yake ajiye a Jami'ar Leipzig ta Jamus, akwai haɗe-haɗe na zuma da kanwa da gishiri da garin dutse, waɗanda ake cuɗa fata da su domin ta yi sumul. Gurza ce ta sama-sama, kuma a wajen manufa ba ta yi nisa da dilkar da amarenmu suka aro daga Sudan ba. Masu talla suna son labarin Sarauniya Kiliyobatira da wankan madara, alhali wadda Pliny, marubucin Rumawa, ya ambata da wannan al'ada ita ce Poppaea matar Sarki Nero, da garken jakunanta mata 500.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin likitocin Musulmi, domin su ba su ɗauki fuska a matsayin abin da ya yi wa likita ƙanƙanta ba. Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu a shekarar 925, ya rubuta shahararriyar risalarsa kan cutar agana da ƙyanda, kuma a cikinta ya ware babi guda kan yadda za a kawar da alamun da agana ke bari. Wanda duk ya taɓa ganin dattijo mai zanzana ya san abin da ake nufi, domin sai a 1980 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa. Tsawon ƙarnoni, mai zuwa wurin likita saboda fuskarsa sau da yawa mutum ne da ya tsallake rijiya da baya, aka bar shi da shaidar ciwon a inda kowa zai gani.

A Andalus kuma, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, mutumin Madinatuz Zahra da ke kusa da Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya tsara littafinsa At-Tasrif cikin maƙala 30. Duniya ta fi sanin ta ƙarshe, ta aikin tiyata, wadda Gerard na Cremona ya fassara zuwa Latin a ƙarni na 12. To amma maƙala ta 19 kacokan kan turaruka ne da abin da ya kira magungunan ado: na gashi, na fata, na baki, na warin jiki. A wurinsa wannan reshe ne na likitanci kamar kowane reshe.

Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a Hamadan a 1037, shi ne ya fi ba ni mamaki. A littafi na 4 na Al-Ƙanun ya ware fanni na 7 ga abin da ya kira ado, ya kasa shi maƙala 4, ɗaya daga ciki kan launin fata ne kawai. A nan ya yi magana kan kare fuska daga rana da iska da sanyi, da tabon gyambo da na agana, da goge zanen da aka tsaga a fata, da kuma kalaf, wato baƙin nan da ke shimfiɗuwa a kumatun mata, musamman lokacin goyon ciki. Da ya zo rarrabe bahaƙ da albaras, waɗanda dukkansu canjin launi ne, da zurfi ya rarrabe su: na farko a saman fata yake, na biyu ya nutsa. Har ya kawo gwaji da allura, a tsira wurin a ga ko jini ne zai fito ko wani ruwa-ruwa. Mutumin da ba shi da madubin ƙara girma ya riga ya gane cewa tambayar farko da likitan fata zai yi ita ce, a wane hawa ciwon yake?

Ba na son in yi abin da wasu marubutanmu ke yi, su nuna kamar magabata sun gama komai. Cikin magungunan wancan zamani akwai farar dalma da gubar arsenik, kuma ba su da hanyar auna ƙarfin abin da suke shafawa. Sun san tambayar, amma awon amsar bai zo hannunsu ba. Abin da suka riƙe da kyau shi ne cewa ba kowa ne zai taɓa jikin mutum ba. A shekarar 931, bayan wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, Halifa Al-Muƙtadir ya umarci Sinan bin Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza, aka hana wanda bai sami izini ba yin aiki. Malaman fiƙihu su ma sun daɗe da ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba, sun kuma rarrabe kawar da aibi da canza halitta. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ƙissar Arfaja bin As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, aka yi masa izini ya sa na zinariya bayan na azurfa ya yi wari. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta bi wannan rarrabewa a zamanta na 18 a Putrajaya ta Maleshiya, cikin 2007. Ni dai ba fatawa na zo bayarwa ba, mu koma ga tarihi.

Zamanin asid da buroshin waya

Awon da ake nema ya fara samuwa a ƙarni na 19, lokacin da ilimin sinadarai ya haɗu da madubin likita. An tace sinadarin fenol daga kwaltar gawayin ƙasa a 1834. A Biyana, babban birnin Ostiriya, Ferdinand von Hebra, wanda ya rasu a 1880 kuma ake ɗauka uban ilimin cututtukan fata na zamani, ya riƙa gwada fenol da man kuroton da wasu ruwayen asid a kan tabban fuska. Bayansa Paul Gerson Unna na Hamburg, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duba yankakkiyar fata ƙarƙashin madubi, ya bayyana a 1882 yadda sinadarai huɗu ke saɓe fata: asid ɗin salisilik, risosinol, fenol, da wanda ake taƙaita sunansa da TCA. Har yau ana amfani da su a asibitoci. Shi ne kuma mashawarcin kamfanin da ya fitar da man Nivea a 1911, abin da ke nuna cewa likita da ɗan kasuwa sun daɗe suna cin abinci a akushi ɗaya a wannan fage.

A New York, George MacKee ya fara shafa fenol a tabon ƙuraje tun 1903, amma bai buga sakamakonsa ba sai 1952. A tsakanin nan kuwa fagen ya koma hannun wasu masu gyaran fuska da ba likitoci ba, a Hollywood da Florida, kowa da haɗinsa na sirri. Wasu sun yi sa'a, wasu sun ɓata fuskoki. Likitoci biyu na Miami, Thomas Baker da Howard Gordon, su ne suka fito da haɗi bayyananne wajen 1961: fenol, ruwa, sabulu, da 'yan ɗigon man kuroton. Haɗin yana goge tamoji masu zurfi, amma fenol yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake shafa shi yanki-yanki ana hutawa, na'ura tana bibiyar zuciyar. Abin dariya, shekara kusan 40 ana zaton fenol ne ke yin aikin, sai a 2000 Gregory Hetter ya nuna cewa yawan man kuroton ne ke ƙayyade zurfin ƙunar.

Masu kankara su ma ba su zauna ba. Ernst Kromayer na Jamus ya yi amfani da ƙananan ƙarafa masu juyawa a 1905. A 1947 wani likita mai suna Iverson ya goge ƙura da baƙin da haɗari ya dasa a fuska da samfefa, irin ta kafinta. A 1953 Abner Kurtin ya zo da buroshin waya da inji ke juyawa, bayan an daskarar da fatar da feshin sanyi. Na'urorin da ake gani yau a ɗakunan gyaran fuska, masu fesa garin yashi ko masu kan lu'ulu'u, jikokin wannan buroshi ne da aka rage wa ƙarfi ƙwarai.

Waɗanda suka biya kuɗin ilimin

A nan labarin ya yi mini nauyi. Albert Kligman, likitan fata na Jami'ar Pennsylvania, ya shiga gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya a 1951 domin maganin wata cutar tsakanin yatsun ƙafa, ya ga ɗaruruwan mutane a tsare, babu inda za su. Daga baya ya faɗa wa wata jarida cewa ji ya yi kamar manomin da ya ci karo da gona mai albarka. Daga 1951 har 1974 ya mai da fursunonin, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, abin gwaji. An shafa musu mayuka da sabulai da sinadarai na kamfanoni, har da gubar dayoksin, ana ba su 'yan daloli, da yawansu kuma ba su san abin da ake sa musu ba. A cikin wannan zamani ne, kuma da taimakon irin waɗannan gwaje-gwaje, aka tabbatar da amfanin tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A, wanda aka amince da shi a Amurka a 1971 da sunan Retin-A, kuma har gobe yana cikin manyan magungunan ƙuraje. Allen Hornblum ya tona asirin abin a littafinsa na 1998. Makarantar likitanci ta jami'ar ta nemi gafara a 2021, hukumar birnin Filadelfiya ta biyo baya a 2022, bayan Kligman ya mutu tun 2010 bai yarda ya yi laifi ba. Ranar da na ga sunan maganin a takardar da aka rubuta wa 'yar tawa, waɗannan bayin Allah ne suka faɗo mini a rai.

A birnin dai, cikin 1974, Eugene Van Scott da Ruey Yu suka nuna amfanin wasu asid masu sauƙi wajen sassauta matacciyar fatar sama. Daga cikinsu akwai gilaikolik, wanda ake samu a rake, da laktik, wanda ke cikin nono mai tsami. Su ne suka buɗe ƙofar saɓar fata ta sama-sama, wadda mutum zai yi da rana ya koma wurin aikinsa.

Baƙar fata ta zo a makare

Abin da ya fi shafar mu shi ne, yawancin wannan awo a kan farar fata aka yi shi. Ma'aunin da likitocin duniya ke rarraba fata da shi, wanda Thomas Fitzpatrick na Harvard ya ƙirƙiro a 1975, an yi shi ne domin auna yawan hasken da za a haska wa Turawa masu wata cutar fata. Rukuni na 5 da na 6, inda mu muke, daga baya aka liƙa su.

Alhali kuwa fatarmu tana da nata hali. Yawan ƙwayoyin launi kusan ɗaya ne tsakanin baƙi da fari, sai dai namu sun fi aiki, kuma duk wani kumburi ko ƙuna yana zaburar da su su ƙara zuba launi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurji ke barin baƙin tabo, kuma shi ne dalilin da ya sa ɗayewar da aka yi don kawar da tabon take iya ninka shi. Idan kuma ƙunar ta yi zurfi har ta kashe ƙwayoyin, wurin ya zama fari fat, ba ya dawowa. Ga kuma tabon nan mai tsiro da nama, wanda ya fi yawa a cikinmu. Saboda haka haɗin Baker da Gordon ba na fuskarmu ba ne. Haka ma leza. Tun da Rox Anderson da John Parrish suka bayyana a 1983 yadda za a saita haske ya ƙone abin da ake nufi kaɗai ya bar maƙwabtansa, matsalar mai baƙar fata ita ce launin fatarsa na sama yana shanye hasken tun kafin ya isa inda aka aike shi. Sai da aka koma ga leza mai dogon zango, irin mai nanomita 1064, tare da sanyaya fata, sannan abin ya yi sauƙi. A 1999 Pearl Grimes, likita baƙar fata a Amurka, ta buga bincike kan mutum 25 masu duhun fata, ta nuna cewa salisilik mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 yana yi musu aiki lafiya idan an shirya fatar tukuna. A shekarar ce kuma aka buɗe cibiya ta musamman ta kula da fata mai launi a New York, ƙarƙashin Susan Taylor.

Shi kuwa sinadarin da ke cikin yawancin mayukan bilicin, haidurokwinon, labarin danginsa daga majema ya fito fili. A 1939 aka ga hannuwan wasu ma'aikatan majema a jihar Illinois, musamman baƙaƙen cikinsu, suna yin fari, aka bi sawu aka gano wani ɗan uwan haidurokwinon ne da ke cikin safar hannun roba da suke sawa. Likitoci suka mai da haidurokwinon magani, ana shafawa a kan tabo kaɗai, na 'yan watanni. A 1975 Kligman ya haɗa shi da tiretinoyin da sitiroyid domin maganin kalaf. A wannan shekara ɗin kuma Findlay da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton abin da ke faruwa ga masu shafa shi shekara da shekaru: fuskar ta koma baƙa-baƙa mai shuɗi-shuɗi, da ƙananan gudaji, kuma launin a fatar ciki yake zaune, inda mai ba ya isa. Afirka ta Kudu ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta hana a 2001, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Likitar ta yi zaton haɗin da 'yar tawa ta saya ya ƙunshi wannan sinadari da sitiroyid mai ƙarfi da wani asid, ba tare da awo ba. Ta sa aka janye shi, ta ba fuskar mako 6 ta huta, babu abin da ake shafawa sai mai sanyaya fata da man kariya daga rana. Bayan nan ta fara da salisilik mai kashi 20, domin shi yana narkewa cikin maiƙo ya shiga ƙofofin gashi inda ƙurji ke farawa, kuma ba ya nutsawa. Minti kaɗan ake barin sa, idon likita a kan fuskar, sannan a wanke, a dawo bayan mako 3. Tiretinoyin kuwa da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, da gargaɗin ta daina da zarar ta yi zaton samun ciki. Yarinyar ta tambaya ko za a gama kafin biki, likitar ta ce mata a'a, sai an yi watanni. A mota ta ce mini, "Kawu, wallahi da na sani da tabon farko na zauna da shi."

An ɗaura aure da sauran baƙin a fuskarta, hoda ta rufe abin da za ta iya rufewa. Da suka zo gaishe ni da ƙaramar Sallah na duba, kuncin hagu ya washe sarai, na dama kuwa da sauran 'yar inuwa kusa da kunne, kuma saura zama biyu ta gama.